Su wa aka ƙidaya? Gaggawar bincike a lokacin annoba

Idan sabuwar cuta ta ɓulla, masu bincike ba su da abin dubawa sai majinyatan da ke kwance a asibiti, kuma wanda jiki ya tsananta ne ke zuwa asibiti. Wanda ya ɗan yi zazzaɓi ya warke a gida ba ya shiga lissafi. Zazzaɓin Lassa ya isa misali: kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka kwantar da ciwo mai tsanani suna rasuwa, alhali a cikin duk masu kamuwa kusan kashi 1 ne.

Abin ya fi muni idan magani ake gwadawa. A watan Maris na 2020, Didier Raoult da abokan aikinsa a Marseille, Faransa, suka ba masu korona 26 maganin hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin. Da aka zo lissafi sai aka cire shida, cikinsu uku da aka kai sashen kulawa ta musamman da ɗaya da ya rasu. In an fitar da waɗanda jikinsu ya rikice, wane magani ne ba zai yi kyau a takarda ba? Waɗanda aka kwatanta da su ma ba da ƙuri'a aka ware su ba.

Tsoro da gaggawa suka tura rahoton Raoult, mai cewa maganin na aiki, duniya. Shugaban Amurka Trump ya yaba maganin, jama'a suka yi rububinsa, masu ciwon lupus da suka dogara da shi suka rasa. A Legas kuwa hukumomi sun sanar da kwantar da mutanen da suka sha kulorokwin fiye da kima. Wannan shi ya fi damuna, domin talaka ne ya biya kuɗin kuskuren masana da lafiyarsa.

A watan Mayu mujallar Lancet ta buga wani rahoto da ya saɓa wa na Raoult, wai bayanan majinyata 96,000 sun nuna maganin na ƙara mace-mace. Aka janye shi cikin makonni biyu saboda an kasa tantance bayanan, waɗanda kamfanin Surgisphere ya samar. Ko da ma bayanan na gaske ne, likita yakan gwada sabon magani ne a kan wanda ya fi galabaita, sai a ɗora wa maganin laifin cutar.

Gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya raba dubban majinyata ta hanyar ƙuri'a, shi ya warware gardamar a watan Yuni: maganin bai rage mutuwa ba. Rahoton Raoult kuwa sai a Disambar 2024 aka janye shi.