Ko Kun Sani? Tauraron Ɗan'adam Na Sa Ido Kan Fadamar Haɗeja

Daga sararin samaniya ana iya gane inda ruwa ya kwanta a fadamar Haɗeja da Nguru, da inda ya janye. Tun 1972 taurarin Landsat na Amurka ke ɗaukar hoton doron ƙasa, kuma a yau kowannensu kan koma kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16. Tun 2008 hotunan kyauta ne.

Abin lura a nan, an fara ɗaukar hotunan kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, masu tare ruwan da ke gangarowa fadamar. Saboda haka ana iya jera na jiya da na yau, a ga yadda ambaliyar da ke shayar da fadamar ta sauya, da yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su.

Wannan sauyi ya shafi mutanen Ɗanzomo, Gumel, Maigatari da Gagarawa. Ƙasarsu ta yashi ce, rijiya ake dogaro da ita, kuma da rani makiyaya da dama fadama suke nufa da dabbobinsu. Ya kamata hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, mai sakin ruwan madatsun, ta riƙa nuna wa jama'a waɗannan hotuna.