Mece ce wariyar jinsi a kulob ɗin golf?

Wariyar jinsi a wasan golf ita ce a tauye wa mace haƙƙin da namiji ke da shi a kulob ɗaya. A ƙananan kulob na garuruwan Birtaniya an daɗe ana yin ta cikin ruwan sanyi: a karɓi mace amma ba ta da ƙuri'a a taron mambobi, a kuma keɓe safiyar Asabar don gasar maza. Wadda ke aiki Litinin zuwa Juma'a ta rasa fili ke nan. Dokar Daidaito ta 2010 ta haramta haka a kulob masu haɗa maza da mata, amma ta ƙyale na jinsi ɗaya.

Masu kare al'adar na cewa kulob na masu shi ne, su ke zaɓen abokan hulɗarsu. Hujjar na da ƙarfi ga taron abokai, amma ba ta tsayawa ga kulob mai cin gajiyar gasar duniya. Misali, kulob ɗin Muirfield na Scotland ya ƙi karɓar mata a 2016, sai aka cire shi daga masu karɓar baƙuncin gasar Open. A 2017 mambobinsa suka sake ƙuri'a, suka amince.