Gangara: Na'urar Da Ba Ta Shan Mai

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ko a Tudun Wada lokacin kakar shinkafa, zai ga 'yan dako suna jingina katako a bayan babbar mota domin su gangara kaya zuwa sama. Masana kimiyya sun lissafa wannan katako cikin sauƙaƙan na'urori guda 6 da ɗan Adam ya daɗe yana aiki da su.

Ga yadda hisabin yake. A ce gangar mai tana da nauyin kilo 200, bayan mota kuwa tsayinsa mita 1. In za a ɗaga ta tsaye, sai majiya ƙarfi da yawa sun taru. Amma in aka kawo katako mai tsawon mita 4, ƙarfin da ake bukata ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, watau kamar na ɗaga kilo 50, sai ɗan ƙari saboda gogayya. Aikin bai ragu ba, an dai shimfiɗa shi ne a kan tafiya mai tsawo. Shi ya sa gajeren katako ke da haɗari, gama ganga tana iya rinjayar mai turawa ta komo kansa.

Da wannan dabara manyan motoci suka riƙa hawa da ƙasa sa'ad da ake gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Haka nan mai hawan duwatsun Riruwai a Doguwa ba ya miƙewa sak, sai ya yi ta kewayawa. Bakin gatari ma gangara biyu ne aka haɗa.

To, abin ya shafi ma'aikatan gwamnati ƙwarai. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce, kowane mita 1 na tsayi yana bukatar gangara mai tsawon mita 12. Wadda ta gaza haka, mai keken guragu ba zai hau ta shi kaɗai ba. Saboda haka ya kamata jami'in da ke duba ginin asibiti ko makaranta ya auna gangarar da kansa kafin ya sa hannu a biya ɗan kwangila.