Wutar Da Bitcoin Ke Sha: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Idan kana cikin waɗanda suka yi ta dannar waya a Notcoin da Hamster Kombat a 2024, ko masu latsa Pi kullum, sai ka yi mamaki in an ce maka mainin yana shan wuta. Dalili shi ne, abin da muke kira mainin a waya suna ne kawai ya tara su. Wayarka ba ta haƙo komai, maki ake rubuta maka. Mainin na gaske yana wurin Bitcoin, kuma a can rigimar take.

Bitcoin ba shi da banki ko shugaba da zai tabbatar cewa wane ya tura wa wane kuɗi. Tun da ya fara aiki a Janairun 2009, tsarin da Satoshi Nakamoto ya shimfiɗa shi ne gasa. Kwamfutoci a faɗin duniya suna ta cankar wata lamba, wadda ta riga dacewa ita za ta rubuta sabon shafi a kundin cinikin, sai a ba mai ita lada. Ana samun shafi ɗaya kusan duk minti 10, kuma daga Afrilun 2024 ladan ya koma Bitcoin 3.125. Babu dabara a cankar, yawan gwaji ne kawai. Shi ya sa ake ce wa tsarin shaidar aiki.

Ga inda mutane da yawa ba su gane ba. Bayan kowane shafi 2,016, wato kimanin sati biyu, manhajar tana duba saurin masu haƙo. In sun ƙaru, sai ta ƙara wahalar cankar don a koma minti 10. Ke nan ko an ƙera injin da ya fi tsimin wuta, ribar za ta jawo ƙarin injuna, wutar ta koma inda take ko ta wuce. A matsayina na mai rubuta manhaja, na saba ganin ɓarnar wuta a matsayin matsalar da ake gyarawa. A nan kuwa da gangan aka gina shi haka: tsadar wutar ita ce katangar da ke hana wani ya murɗe kundin.

Injin haƙo guda, kamar Antminer S19 Pro, yana jan wat 3,250 dare da rana. Yunit 78 ke nan a mita kowace rana, abin da zai cika batirin wayoyi sama da 3,000. Masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun ƙiyasta cewa Bitcoin yana shan sama da terawat-awa 100 a shekara. In ka raba shi, ya haura megawat 11,000 babu tsayawa. Babban layin wutar Najeriya gaba ɗaya yakan yi ta yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000.

Masu kare Bitcoin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mai haƙo yana bin wuta mai arha ne, wadda sau da yawa rara ce da babu mai saya. Gandun dajin Virunga a Kwango yana haƙo da rarar wutar madatsar ruwansa, yana samun kuɗin tafiyar da gandun. A Amurka akwai kamfanonin da ke kunna injuna da iskar gas ɗin da a da ƙone ta ake yi a rijiyoyin mai, irin wadda ake ƙonewa a Neja Delta. Amma arha ba ta san tsabta ba. Da Chaina ta kori masu haƙo a 2021, da yawansu Kazakistan suka nufa, inda gawayi ke ba da mafi yawan wuta, har ƙasar ta shiga ƙarancin lantarki.

Abin da ya fi raunana hujjar tasu a ganina shi ne Ethereum. Ranar 15 ga Satumba, 2022, ya bar haƙo ya koma tsarin jingina, inda mai tantance ciniki ke ajiye ETH 32, in ya yi maguɗi a yanke masa. Shan wutarsa ya faɗi da sama da kashi 99 cikin 100, kuma har yau yana aiki. Masoya Bitcoin za su ce jingina tana fifita masu kuɗi, kuma tsarinsu ya fi daɗewa ana gwada shi. Wannan gaskiya ne, sai dai injin haƙo ma ba talaka ke sayensa ba.

Ni dai ina ganin wutar ta cancanta ne kawai inda rara ce da za ta tafi a banza. Inda gidaje da asibitoci ke jiran wuta, ban ga hujjar ba. Kuma USDT ɗin da yawancinmu ke karɓa ta kan Tron don gudun faɗuwar naira, ba ya bi ta hannun masu haƙo ko kaɗan.