Wasiƙun da ke cikin ƙwan ƙuda

Duk wanda ya taɓa sayen mangwaro a Petit Marché na Yamai kafin gobarar 2012 ya san ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke yanyame ruɓaɓɓen kaya. Masana na kiran su Drosophila. Tsawon ƙwansu kamar rabin milimita ne, amma tun yana cikin uwa ake tsara inda kai da wutsiyar tsutsa za su fito.

Ƙwayoyin halitta 15 ke renon ƙwan, suna ɗura masa saƙonnin ARN, kowanne a rufe tamkar wasiƙa. Saƙon oskar ba a buɗe shi sai ya isa ƙarshen baya. Na bicoid yana jira a gaba har a ajiye ƙwan. In babu bicoid, tsutsa kan rasa kai, wutsiya ta fito gaba da baya.

Christiane Nüsslein-Volhard ta Jamus, wadda ta yi aiki kan bicoid, ta raba kyautar Nobel ta 1995 da Amurkawa biyu.

Jama'a, ƙwan nan kan zama ƙuda cikin kamar kwana 10. Ɗan kasuwar da ya bar ruɓaɓɓe ƙarƙashin tebur, kiwon ƙuda yake yi.