Bargo Daga Ƙyallayen Tela

Kowa ya san Sakkwato da zafi, amma wanda ya kwana can cikin Disamba ko Janairu ya san akwai ɗari kuma. In hunturu ya kankama, da asuba sai ka ji yara suna tari gida gida. Waɗansu iyaye, don rashin abin rufa, sukan shiga ɗaki da kaskon garwashi su rufe ƙofa. Wannan kuwa hatsari ne babba, gama garwashi yana fid da wata iska marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci. A wannan lokaci kuma, a Sama Road da sauran titunan garin, duk inda tela ke da shago ana share ƙyallayen atamfa da shadda a kai juji, ko a ƙone. Abin rufar yaran nan ke nan ake ƙonewa.

Ɗinka tufa rufi bisa rufi ba baƙon aiki ba ne a ƙasarmu. Lifidin da barade suka sa wa dawakansu a yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato haka aka yi shi: tufa a sama, tufa a ƙasa, audugar rimi a tsakiya, a bi da ɗinki layi layi. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1400, aka san shi. Abin da ya tare kibiya, ai ba zai kasa tare sanyi ba.

Ga yadda ake yi. Da fari a wanke ƙyallayen duka, domin wani yana zuba, wani yana tsukewa. In an ɗinka kafin wanki, ranar da bargon ya taɓa ruwa zai murɗe, farin ciki kuma ya rine. A ware na auduga dabam. Leshi da yadi mai santsi kada a sa su, ba su riƙe ɗinki, kuma in wuta ta taɓa su narkewa suke yi. Sai a yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 6 da rabi kowane gefe, a riƙa auna ƙyalle da shi. Rabin incin nan na bakin ɗinki ne. Guda 96, wato layi 12 na takwas takwas, za su ba da bargo mai ƙafa 6 a tsawo, ƙafa 4 a faɗi. Ƙanana kuma a haɗa biyu ko uku su cika ma'auni.

A tsakiya tsohon zane biyu ya fi audugar rimi, don ita tana dunƙulewa in an wanke. A shimfiɗa bayan, da tsakiyar, da fuskar a kan tabarma, a fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki, tazarar yatsa uku tsakanin layi da layi. Mai farawa daga baki zai tarar da tufa ta taru masa a ciki kamar tozo. Allura da zare mai ƙwari sun isa, keke sauri kawai yake ƙarawa.

Aikin ya fi daɗi a ƙungiya. A jihar Alabama ta Amurka, matan manoma baƙar fata sun daɗe suna irin wannan ɗinki da tsofaffin tufafin gona. Wani limamin ekklesiya, Francis Walter, ya riƙa sayen bargunansu dala 10 kowanne yana kaiwa a sayar a birnin New York. A 1966 suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee. A 1972 kamfanin Sears ya ba su kwangilar ɗinka rigunan matashin kai, ragowar yadin ma ba su zubar ba, gida suka kai suka yi barguna. Ƙungiyar ta yi fiye da shekara 40 tana aiki.

Mu dai kafin maganar kasuwa, a fara rufe yaran gida. Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu su yi magana da teloli, a bar wa kowane shago buhu, a riƙa ɗaukowa mako mako. Ƙyalle ya fi yawa gab da Salla da Kirsimeti. Amma a lura, na Kirsimetin bana sai dai ya zama bargon baɗi, gama kafin a gama ɗinki ɗari ya wuce. A ajiye shi a wanke, a busasshen wuri, nesa da gara da ɓera, a zauna kansa da bazara kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gona.