Motar da Aka Haɗa a Gareji: Me Hukuma Ke Nema Kafin Ta Hau Titi?

Masu walda da fanel-bita na Kaduna, daga ƙananan garejojin Unguwar Kanawa har zuwa Panteka, sun daɗe da wuce gyaran mota kawai. Yanzu sake ta suke yi. A kawo tsohuwar Lexus ko Land Cruiser, a cire mata bamba da fitilu da bonet, a ɗora na sabon yayi, ta fito kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. A yanke bayan ƙaramar mota a mayar da ita akori-kura mai ɗaukar buhuna. Akwai kuma samarin da ke lanƙwasa bututun ƙarfe su ƙera gangar mota tun daga tushe, gajera mai kujera biyu irin ta tsere, su dasa mata injin Golf. Ba mu kaɗai ba ne: a 2019 wani matashi ɗan jihar Filato, Jerry Mallo, ya fito da motar tsere da ya ƙera mai suna Bennie Purrie, ƙasar nan ta ɗauka.

Fasahar abar yabo ce. Sai dai hukuma ba da kyan jiki take gane mota ba, da lambar casis take gane ta. Wanda bai fahimci wannan ba, zai iya zuba miliyoyi a kan abin da ba zai wuce ƙofar gidansa ba.

Lambar nan tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma babu I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da ɗaya ko sifiri. Leƙa ta ƙasan gilashin gaba, wajen direba, za ka gan ta a kan ɗan ƙaramin falle. Tana nan kuma a jikin ginshiƙin ƙofa, sannan an buga ta a kan ƙarfen motar kansa. Ita ce a takardar Kwastam, ita ce a takardar mallaka, ita ce a inshora, ita ce kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke ɗaure wa lambar da za a liƙa wa motar. Wannan DKA ko MKA da kake gani a motocin garin nan, kowace tana rataye ne da casis guda ɗaya.

Tsarin rajistarmu motoci iri biyu ya sani: wadda ta shigo ta hannun Kwastam aka biya mata kuɗin fito, da wadda wani kamfani mai izini ya haɗa a cikin gida. Mutanen Kaduna sun fi kowa sanin ta biyun. Tun 1975 kamfanin Peugeot da ke Kakuri ya fara haɗa 504 daga sassan da ake kawowa daga Faransa, har ta jirgin sama ake jigilarsu daga Liyon zuwa Kano. Ita ma haɗe-haɗe ce, amma kowace na fita da lambarta da takardar kamfani. Motar gareji ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai abin da ta gada daga motar da aka gina ta a kanta.

Saboda haka, in za ka yi irin wannan aiki, fara da mota mai asali. Sayi tsohuwa mai cikakkun takardu, ko da jikinta ya ruɓe, a yi takardar ciniki da shaidu, a sauya mallaka zuwa sunanka tun kafin maƙera su taɓa ta. Sannan ka tsaya da kanka ka nuna wa mai walda inda lambar take, ka ce masa nan wurin ba a yanka, ba a gogewa, ba a shafa masa foti. Ba da mugunta suke ɓata ta ba. Yaron shago ne zai zo da injin guga yana share tsatsa, kafin ka ankara rabin lambar ya tafi. To, lambar da aka goge ko aka sake bugawa da guduma ita ce alamar farko da 'yan sanda ke nema a jikin motar sata. Ranar da aka tsayar da kai, bayanin cewa yaron shago ne ba zai hana ka kwana a caji ofis ba. Ɗauki hoton lambar kafin aiki da bayansa.

Haka inji. Shi ma yana da lambarsa, kuma tana cikin fatikula. Duk injin da ka saya, na Beljiyam ne ko na cikin gida, karɓi rasidi mai ɗauke da lambar da sunan shagon. Wanda ya ce maka a bar maganar rasidi zai rage maka kuɗi, bar masa kayansa. In an sauya inji ko launi ko siffar jiki, ko an mayar da motar gida ta haya, sai a koma ofishin rajista na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, a gyara takardu su dace da abin da ido ke gani. Mutane da yawa har yanzu VIO suke cewa, alhali tun ƙarshen 2015 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya rushe wannan ofishi na duba motoci a Kaduna, aikin titi ya koma hannun KASTLEA, waɗanda muke kira 'yan Kastiliya. A ganina, a je a yi tambaya tun aiki yana kan takarda ya fi a jira sai an gama fenti.

Maganar fenti ta tuna mini da abu guda da ya shafi Unguwar Kanawa musamman, tunda maƙwabtan tsohuwar makarantar sojoji ta NDA ne mu. Akwai dokar 1977 da ta hana farar hula shafa wa mota koren soja. Samari na son launin a kan motocin da suka ƙera. Kada ka kuskura. Baƙin gilashi ma da dokarsa tun 1991, sai da izinin 'yan sanda.

Inda na fi jin tsoro shi ne rabin mota. Ana shigo da gaban mota ko bayanta a matsayin kayan gyara, takardar Kwastam ɗinta ma ta kayan gyara ce. Sai a sami mai haɗa gaban wannan da bayan waccan, a bi layin da walda, a lulluɓe da foti da fenti. A ido lafiya lau. Amma kamfani ya tsara gangar mota ne yadda in ta yi karo gaba zai murƙushe ya shanye bugun, ɗakin fasinja ya tsira. Motar da aka ɗinke a tsakiya, nan ɗinkin yake zama mafi rauni, kuma daidai nan mutane ke zaune. Wasu daga cikin irin waɗannan ma sitiyarinsu a dama yake, na Japan ko Ingila, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, dokokin hanya na 2012 kuma sun hana yi wa mai sitiyari a dama rajista. Sai a juya sitiyarin da ƙarin ƙarfe da walda, abin da ran mutum ke rataye a kansa a gudun kilomita ɗari.

A Ingila, inda haɗa mota a gida tsohuwar sana'a ce, har kamfanoni irin su Caterham ke sayar da mota a cikin akwatuna, akwai jarrabawa ta musamman mai suna IVA. Ana auna birki da fitilu da hayaƙi da ƙarar inji, a duba inda aka ɗaure bel, har kaifin gefen ƙarfe sai an gwada don kada ya yanki mai tafiya a ƙasa. Wadda ba a tabbatar da shekarunta ko asalinta ba, sai a ba ta lamba mai farawa da Q, kowa ya gani ya sani. Maƙerinmu zai iya ɗaukar wannan jerin ya auna aikinsa da shi, ko da ba wanda ya tilasta masa.

Sai inshora. Tun Janairun 2023 mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta. Amma takardar da ta ce ƙaramar mota ce ta gida, alhali akori-kura ce ɗauke da buhunan masara, ta ba kamfanin ƙofar zillewa ranar da aka yi haɗari.

Mai saye ma ya buɗe ido. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, waɗanda su ne suka cika garin nan, abu na goma a lambar casis shi ke nuna shekara: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010, B 2011, haka har gaba. In dillali ya rantse maka 2018 ce, fuska ma ta 2018 ce, ƙirga zuwa na goma. Sauya fuska ba laifi ba ne, sayar da ita da shekarun ƙarya shi ne zamba.

Wanda kuwa ya ƙera gangarsa daga tushe, babu casis ɗin gado, kada ya ari lambar wata mota ya liƙa don gwaji; laifin ya fi na rashin lamba nauyi. Hukumar da aka kafa don irinsa ita ce NADDC mai kula da zayyana da bunƙasa motoci, wadda aka samar a 2014, Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2023, sai SON mai kula da ingancin kaya. Maƙerin ya je musu da zanensa da rasidan kayansa da hotunan kowane mataki na aikin. Kafin nan, in za a kai motar wurin baje koli ko biki, a ɗora ta a bayan babbar mota a kai ta.